Sunan Inna a Jikin Bango

Na san abin da kuka taso kuna ji a gidajen dangi: wai ni Kulu na dasa kujera a bakin titi kamar mai tuyar ƙosai, na kunyata Kawunku Modi a gaban surukansa a kan wani guntun ƙarfe. Ke Saudatu kin fi kowa shan wannan magana, don a kanki ta ƙare. Zaman bakin titi kam na yi shi, ba na musu. Sai dai masu ba ku labarin daga kujerar suke farawa, su tsallake duk abin da ya kai ni kanta. To ga shi daga farko, tun ina da sauran ido.

A shekarar da na yi ritaya daga koyarwa ne. Muna zaune a Arkilla, ni da Babanku, ina murnar zan huta da hayaniyar yara, ashe ta manya ce ke jirana. A lokacin wasu dattawan unguwarmu ta haihuwa, can cikin gari kusa da Hubbare, suka kafa kwamiti. Sun ce kowace damina sai wani tsohon soro ya faɗi a gina shaguna a gurbinsa, yaran yanzu ba su san inda marina take ba, ba su san wace rijiya ta shayar da kakanninsu ba. Saboda haka za su riƙa manna allunan ƙarfe, kore da farin rubutu, a duk inda wani abin tarihi ya faru. Na ga na marina, na ga na rijiya, na yaba ƙwarai. Da na ji an sa gidanmu na gado cikin waɗanda za a manna wa, har ƙwalla na yi, don na san dalilin da ya sa aka zaɓe shi.

Dalilin kuwa Inna ce, kakarku. Ina 'yar ƙarama ƙanenmu ya yi rashin lafiya, aka ba da magani kwalabe biyu, ɗaya na sha ɗaya na shafawa. Inna ta yi karatun allo har ta sauke, amma ba ta san boko ba, ta ɗura masa na shafawar. Yaro ya fara amai, idanu suka juye. Inna ta fita ba mayafi ta buga ƙofar masu haya a maƙwabtanmu, wani kafinta ɗan ƙasar Filato da matarsa Malama Rifkatu, Kirista, mai koyarwa a firamare. Malama ta karanta kwalbar, ta goya yaron a bayanta ta yi asibiti da shi da gudu. Allah ya tashe shi. Bai gama warkewa ba Inna ta shiga wurin Malama da goro a hannu, ta ce ba ta sake riƙa kwalbar da ba ta san abin da ke jikinta ba, a koya mata baƙin Nasara. Daga Inna ita kaɗai, sai ga matar mahauci, sai ga masu saƙar tabarma na bayan gida, sai tsakar gidanmu ta cika da mata kullum bayan la'asar, Malama na tsaye da alli, Inna na tsawata wa masu surutu. Baba, Allah ya jiƙansa, bai so ba ko kaɗan. Fataucin fata yake yi, mutum ne mai tsoron bakin jama'a, kuma jama'ar ba su yi shiru ba. Ya hana, aka ci gaba. Ya ɗauke baƙin allon da mijin Malama ya sassaƙa ya rufe akurkin kaji da shi, Inna ta koma rubutu da gawayi a bangon madafi. Ya ƙaurace wa tuwonta, ta ci gaba da aika masa da kwano zaure ana dawo da shi. Sai daga baya, da ya ga limamin unguwa ya turo tasa matar, ya sauko. Bai ce komai ba, ya dai sa aka kawo benci, ya kuma mayar da allon bayan an wanke kashin kaji. Ni ina wurin, Yaya Modi yana wurin, ya ma girme ni da nisa.

Shi ya sa da Yaya ya aika in zo, na tafi da farin cikina. Na iske shi a zaure yana shan fura, ya washe baki.

"Kulu, albishirinki. An gama tsara abin da za a rubuta. A wannan gida Alhaji Buhari Mai Fata ya kafa ajin karatun mata na farko a unguwar nan."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Yaya, wane Alhaji Buharin? Wanda yar ruhe akurkin kaji da allon?"

"Gidan wa na? Ba gidanai na ba? Wa as sawo benci?"

"To ina Inna?"

Ya ajiye ludayi ya dube ni kamar na yi saɓo. "Kina son in liƙa sunan Inna bisa bango, kowane ɗan kabu-kabu shi tsaya shina kiranta gatsau? Sunan da ni da ke ba mu taɓa hwaɗi da bakinmu ba?"

"Malama Rifkatu hwa?"

"Kulu, ki dubi inda gidan ga yake. Ga Hubbare nan, taki kaɗan."

"Sa'adda Malama ka shigowa kullum tana koya ma Inna, Hubbaren ƙaura yay yi?"

Ya ce ba ni da kunya tun ina yarinya, ya ɗauki ludayinsa. Na ce masa sai an jima.

Maganar sunan Inna ta tsaya mini a rai, ba zan ɓoye muku ba, domin ni ma har yau ina jin nauyin kiransa. Amma na tuna ranar da ta fara rubuta shi da kanta a bangon madafi, harafi huɗu manya-manya karkatattu, ta hana a shafe wurin har gawayin ya koɗe. Macen da ta yi wannan ba ta jin tsoron a ga sunanta. Sai na nufi kwamiti. Shugabansu wani tsohon ma'aikacin gwamnati ne mai sanyin murya, irin mutanen nan da ba su taɓa ce maka a'a, ba su kuma taɓa yi maka abin da ka zo nema. Zuwan farko ya ce allon ƙarami ne, ba ya ɗaukar suna uku. Na rage maganar har ta fi tasu gajarta, na mayar. Ya yaba da Hausata, ya ce amma tarihi sai da shaida. Na ce ni shaida ce. Ya ce ai lokacin ina yarinya. Na ce Yaya Modi ma ai yaro ne, kuma shi kuka ɗauki maganarsa. Ya yi murmushi ya ce in sha ruwa. Haka na riƙa hawa keke mai ƙafa uku daga Arkilla zuwa cikin gari a tsakiyar bazara, in iske an ɗage zama don wani ya tafi jana'iza, ko mai mabuɗin ofis ya tafi ƙauye, ko an zauna jiya ba a gaya mini ba.

Da abin ya ishe ni sai na ɗauko Gwaggo Ige, ƙanwar Baba, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'yan ajin. Ta tsufa tukuf, kunne ya yi nauyi, saboda haka duk maganarta da ƙarfi take yinta. Aka shimfiɗa mata tabarma a gaban dattawan, shugaba ya sunkuya ya karanta mata abin da za a rubuta. Ta sa ya maimaita. Sannan ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta.

"Buhari? Buhari na yak kafa? Aradu ni da kaina yab bi da sanda har ƙohwar gida don na zo karatu! Dije uwar Kulu ta tat tara mu, Malama tak koya muna. Yayana, Allah shi yi mai rahama, mutumin kirki na, amma wanga aiki ba nashi na ba."

Ta fizge biro daga aljihun shugaba ta rubuta sunanta a tafin hannunta, ta ɗaga masa kamar mai nuna lalle. Dattawa suka yi ta Allah shi ƙara lafiya, Gwaggo. Na ce a raina yau kam an gama. Shugaba ya gyara murya ya ce wannan muhimmiyar shaida ce, don haka za a kafa ƙaramin kwamiti ya duba ta da kyau. Na tambayi wa zai jagoranci ƙaramin kwamitin. Ya ce ai babu wanda ya fi sanin gidan kamar Alhaji Modi.

Ranar na dawo gida ban iya cin abinci ba. Babanku, kun san shi da haƙurinsa mai ƙular da mutum, yana zaune yana gyaran rediyo, ya saurare ni har na gaji.

"Kulu, ƙarhe na hwa. Ranar garin ga shekara nawa za ta ba shi ta cinye rubutun?"

"In ta cinye ƙarya, gaskiya za ta tsiro a wurin?"

"Ban ce ba. Amma ki tuna bikin Saudatu bayan Sallah na. Kin san inda anka shirya ɗaukar amarya."

Na sani sarai. Saudatu, a hannun Kawunki kika yi sakandare, shi ya riƙa kai ki a bayan babur, ya fi son ki da waɗanda ya haifa. Tun kina ƙarama yake cewa daga zaurensa za a ɗauke ki, shi zai yi miki nasiha. Na san duk wannan lokacin da na yanke shawara, don haka kada wani ya ce muku fushi ya rufe mini ido. Da idona biyu na zaɓa. Abin da na tuna shi ne, da aka raba gado, ɗakunan da ke ba titi baya su suka faɗo mini. Zauren Yaya cikin lungu yake buɗewa. Bangon da kwamiti ke so, wanda duk mai wucewa zai gani, nawa ne. Babu wanda ya nemi izinina, don babu wanda ya tuna. Na aika wa shugaba cewa ban yarda a huda mini bango ba sai da sunan Inna da na Malama. Ya aiko da godiya, ya ce za a duba. Na gaya wa Yaya baki da baki, ya ce in daina wasan yara. Aka sa rana, aka raba katin gayyata.

Ran bikin manna allon na isa da hantsi. An kafa rumfa a titi, an jera kujerun roba, lasifika na ta ƙara, surukan Yaya sun zo da manyan riguna, ga magini ya jingina tsani yana gwada na'urar huda bango. Na gaishe da kowa yadda ya kamata. Sannan na ɗauki kujera ɗaya daga rumfar, na kai ta daidai inda aka yi alama da alli, na zauna, na jingina bayana da bangon. Ban ɗaga murya ba, ban zagi kowa ba, duk wanda ya ce muku na yi ihu ƙari ya yi. Magini ya ce Hajiya a ɗan gusa. Na ce masa nan nike zama. Shugaba ya zo ya yi ta lallashi da muryar nan tasa, na ce masa za a duba. Rana ta take, bangon ya yi zafi kamar tanda, zufa na bin bayana, ƙafafuna suka kumbura. Mai lasifika ya ƙare duk gaisuwar da ya sani ya koma farko. Can Yaya ya taso, ya tsaya a kaina, ya yi ƙasa da murya don kada surukai su ji, alhali kowa idonsa na kanmu.

"Kulu, tashi."

"Bangona na, Yaya."

"Don girman Allah ki tashi. Mutane na kallo."

"A sa sunansu, in riƙa ma magini tsani da hannuna."

Na ɗaga kai na dube shi. Ban taɓa ganin ya tsufa ba sai ran nan. Ya ce, "In ba ki tashi ba, ba ni ba ke."

Ban tashi ba. Aka kwashi allo da labulensa aka shiga lungu. Manyan baƙi suka bi a jere suna tattare riguna suna tsallake kwata, aka manna shi a gefen zaure, inda in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkata. Mai hoto ya rasa inda zai ja da baya. Ina jin tafinsu daga inda nake, ban ji daɗi ba ko na ƙwayar gero.

Bayan kwana biyu na je Mabera wurin wani mai rubuta allunan talla na ce ya yi mini nawa. Na faɗa masa kalma-kalma, na sa ya maimaita. Da na koma karɓa sai na ga ya rubuta Malama Rukayyatu. Na ce wannan fa? Ya ce, yana fara'a kamar mai jiran tukuici, "Hajiya, na ga kamar kuskure na, shi na nig gyara miki." Na dafe kai. Na sha rana, na rasa ɗan'uwa, don wannan suna ɗaya, ga wani ya musuluntar mini da ita a kan ƙarfe kyauta. Na zauna a bencinsa, na ce ba ni motsawa sai ya goge ya sake a gabana, ina kiran harafi yana zanawa. Abin da ke jikin allon kun san shi: A tsakar wannan gida Hadizatu Dije da Malama Rifkatu suka buɗe ajin karatun mata. Alhaji Buhari ya saya musu benci. Babanku da ya karanta ya ce layin ƙarshen nan zai fi yi wa Yaya ciwo da a ce ban ambaci Baba ba sam. Ni kuwa na sa shi ne don ba na son in yi wa Baba abin da aka yi wa Inna. Ya sayi benci, kuma ga mutum irinsa a zamanin nan sayen bencin ba ƙaramin abu ba ne. Babanku ya fi ni gaskiya a kan Yaya. Dangi suka ɗauka ba'a na yi wa mamaci, har wasu suka daina amsa sallamata a wurin suna.

Bikinki ya zo, Saudatu. Mun aika, Babanki ya je da kansa, ke ma kin je kin durƙusa. Kawunki ya sa miki albarka, ya ba ki abin da ya tanadar miki, ya ce amma ƙafarsa ba ta taka inda nake. Daga Arkilla aka ɗauke ki. Na ga yadda kike leƙen ƙofa ta ƙarƙashin mayafi har mota ta tashi. Kin daɗe ba ki sake mini fuska ba, ban kuma ga laifinki ba. Wannan shi ne abin da allon ya ci, kuma daga jikinki aka yanka, ba daga nawa kaɗai ba.

Malama ta daɗe da rasuwa, amma 'yarta Ladi, wadda muka yi wasan ƙasa tare, tana nan Mabera, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Wata Lahadi bayan sun taso daga coci na ɗauko ta a keke da jikokinta. Ta tsaya gaban bangon ta karanta a hankali, ta sa yatsa ta bi sunan uwarta, ta sa jikokin suka karanta da ƙarfi. Ba ta yi kuka ba. Ta ce da Mama na nan da ta ce wannan harafin na farko ya cika ciki, a sake shi. Muna cikin dariya sai ga Yaya ya fito daga lungu da sandarsa zai tafi masallaci. Ya gan ta ya tsaya cik.

"Wa nika gani haka? Ladi ta? Ladin Malama?"

"Ni ce, Yaya Modi. Ina wuni?"

Ya manta da masallaci. Ya sa aka fito da tabarma da ruwan sanyi, ya zauna yana tambayar ta 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juya ga jikokinta, ya nuna bangon da sanda.

"Kun ga wagga da anka rubuta? Ita tag goyi ƙanena tak kai asibiti. Ita da Innarmu sunka yi komi a gidan ga. Babanmu har allonsu yaɗ ɗauke, ni yas sa nik kai shi akurki. Ni ma ita tak koya min lissahi, da rula bisa hannu."

Ina tsaye ina jin sa, taki ɗaya tsakaninmu. Duk abin da na yi watanni ina faɗa a gaban kwamiti, ga shi yana zuba shi daki-daki, har da wanda ban sani ba, yana dariya. Na ji kamar in fizge sandar in jefa bisa soro. Da suka tashi tafiya ya raka Ladi har bakin keke, ya sa wa yaran albarka, ya wuce ta gabana kamar turmi aka ajiye.

Haka muka zauna shekaru. Ina aika masa da abincin Sallah, yana karɓa, kwano na dawowa da goro a ciki, ba saƙo. In mun haɗu a gidan rasuwa ya amsa gaisuwata da kai. Da ciwonsa na ƙarshe ya kwantar da shi na riƙa zuwa asibiti ina zama a bakin gado, yana juya fuska bango, matarsa na ta ba ni haƙuri da ido. Wata rana da azahar, na gama ba shi ruwa a cokali, ina tattara jakata, sai na ji muryarsa, ta zama siririya.

"Kulu."

"Na'am, Yaya."

"Allon ga naki ya karkace. Ki sa a gyara, abin kunya na."

Abin da ya faɗa mini ke nan, bai ƙara ba, kuma bai kai Juma'a ba. Bayan an share makoki na tafi da magini. Muka auna nawa ta kowace fuska, yana nan daram, ko kaɗan bai goce ba. Na leƙa lungu. Nasa ne ƙusa ɗaya ta fita, ya rataye ta gefe guda, ruwan indararo ya fara cin gindinsa. Na tsaya ina kallonsa, ina jin haushin Yaya sabo fil kamar yana raye. Na sa magini ya sake masa ƙusoshi, ya daidaita shi, ya kankare tsatsar. Ya tambaye ni ko a taɓa rubutun, tunda fentin ya fara tashi. Na ce ya bi kan kowane harafi yadda ya same shi.